Yashi a Turmin Gwaggo

Samarin da ke zuwa wurina yanzu suna tambayar yadda ake fara sana'ar haɗa kiɗa, abin da suke son ji shi ne sunan na'ura da kantin da ake sayar da ita. Idan na ce musu ni da turmi na fara, sai su yi dariya, su ɗauka tsoho ya soma zolaya. Wani lokaci nakan ba su labarin. Wani lokaci kuwa ina tsakiyar magana zan ga mutum yana latsa waya, sai raina ya ɓaci, in yi shiru in bar shi da na'urarsa.

Ban tashi da niyyar wannan aiki ba. Faɗuwa na yi a jarrabawar kwaleji a Tasawa, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, na koma ƙauyenmu kusa da Urafane da Faransanci rabi da rabi a baki da hannuwan da suka manta ƙotar hauya. Mutanen gari suka laƙaba mini "mushe", sunan da ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma ba don girmamawa ba. Wanda ya fara kirana haka taubashina ne, ɗan Gwaggo, yayar babana. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya ci zarafin ɗaya ba, kuma duk duniya babu wanda nake so kamarsa.

Shi bai yi lakwal ba. Da ya ga noma ba ya kai su ƙarshen shekara, sai ya bi manyan motoci ya yi arewa, ya ƙetare hamada, ya sami aikin lambu a Libiya. Bayan kusan shekara, wani direba da ke bin hanyar Agadas ya kawo mini kwali. A ciki akwai rediyo mai kaset, baƙa, mai hannu a sama, da kaset guda uku sabbi, da wani na huɗu wanda ya ɗauki muryarsa a ciki. Da na kunna, abin da ya fara fitowa shi ne: "Mushe, tunda ba ka iya noma ba, karatun kuma ya ƙi ka, ga aiki na samo maka. Ka ɗauko mini muryar tsohuwa, ka ba direban nan in zai komo."

Nan aikin ya tsaya, domin shi ɗan fari ne. Gwaggo ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Bisa al'ada kakarsa ce ya kamata ta riƙe shi, amma ta rasu yana rarrafe, sai ya tashi a gindin uwar da ke jin kunyarsa. Haka suka yi zamansu, gida ɗaya, suna magana ta bakin wasu. Idan babu kowa a kusa, akuya take gaya wa cewa tuwo na hucewa, shi kuma ya taso ya ci. Da mijinta ya rasu ta dawo shiyyarmu, ba abin da ya sake.

Na ajiye mata rediyo a kan tabarma, na danna jan maɓallin, na ce ta yi magana. Ta dubi abin, ta dube ni, ta gyara kallabi.

"Wa zan ma magana?"

"Shi mana, Gwaggo."

"Kai dai ba ka da kunya, ɗan lakwal. Ce mishi mutanen gida suna gaida mutanen can."

Shi ke nan. Ta ja bakinta ta rufe. Kaset na ta juyawa, pil, wato batir, na ta ƙonewa, ni kuwa na san sai ranar kasuwar Urafane zan sami wasu. Na yi lallashi, na yi fushi, na ce mata a Tasawa har matan manya suna magana a rediyo. Ta ce to in tafi in ɗauko su.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina zaune ina shanya pil a rana don su ƙara ƙarfi, sai na ji ta tana surfe a bayan danga. Taɓarya na sauka, tana waƙa a hankali. Na sha jin matan gidanmu suna waƙar daka, ban taɓa saurara ba. Ran nan na saurara, sai na ji abin da take cewa:

Wanda ya yi arewa, ko ya sha ruwa?
Rijiyar can tana da zurfi, an ce.
Ni ban tambaya ba, taɓarya ce ta tambaya.

Duk abin da ta ƙi faɗa wa rediyo, ga shi tana zuba wa turmi. Na lallaɓa na ajiye rediyon a gindin danga na danna. Wannan ɗauka ta farko ba ta yi kyau ba, domin duk saukar taɓarya ƙasa na girgiza, muryar sai ta riƙa rawa. Washegari na naɗe tsohon zane na ɗora rediyon a kai, na matsar da shi taku uku, na juya bakinsa wajen fuskarta maimakon wajen turmi. Ta gan ni sarai. Ta dai ɗan ɗaga murya.

Wannan kaset shi ya buɗe mini hanya. Da ya isa can, 'yan ƙasarmu da ke aiki tare da taubashina suka riƙa karɓa suna kwafa, har waɗanda ba su san Gwaggo ba. Saƙonni suka fara zuwa: wannan yana son muryar uwarsa a garin Sarkin Hausa, wancan yana son a ɗauko masa mai gurmin garinsu. Na riƙa bin kasuwanni da rediyo a kafaɗa, daga Urafane har Gidan Amumune, wani lokaci a amalanke, wani lokaci a ƙasa. Na koyi cewa mai goge ba a sa masa rediyo a gaba sai a gefe, kalangu kuma sai an ja da baya, in ba haka ba ya cinye muryar mawaƙi. Na aro rediyo ta biyu wurin wani tela na riƙa juye kaset daga wannan zuwa wancan. Masu ce mini mushe don tsokana suka fara faɗinsa da wata irin murya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Sai damina ta ƙi. An yi shuka, ta tsiro, ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Hadari ya haɗu da la'asar, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Da kaka ta zo babu wanda ya ɗaure damin kirki a garinmu. Makiyayan da ke sauka a gonakinmu bayan girbi suka wuce kudu da 'yan shanun da suka rage musu, ba su ko tsaya ba. Mata suka shiga daji neman anza, a jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki har ɗacin ya fita sannan a dafa. Lokaci-lokaci motar soja takan kawo jar dawa ta agaji, a yi layi a rana, kowa ya riƙe bakinsa. A wancan zamani ba a faɗin kalmar yunwa da ƙarfi, sai dai a ce shekara ta yi wuya.

Cikin wannan hali direban ya aiko cewa zai yi arewa bayan sati, in akwai kaset a kawo. Na je na gaya wa Gwaggo. Ta rame, zanenta ya zagaye ta har ya yi saura, amma bakin nan nata yana nan yadda yake.

"Ka ji, ɗan lakwal," ta ce. "Abin da za ka aika, kada a ji shekarag ga a ciki. In wancan ya ji, tasowa zai yi. Bazara ta kusa, hanyar nan cin mutane take da zahi. Ya zamna inda yake, shina ci shina sha. Mu za mu kai damina in Allah ya so."

"To kada a aika komai mana."

"In bai ji komai ba, shi ne zai taso da gudu. Kai karatun me ka yi ne?"

Ta fi ni gaskiya. Dole a aika kaset, dole a ji ta tana daka tana waƙa kamar bara, kuma babu gero. Tana da iri a cikin tulu, ta liƙe bakinsa da laka ta binne a ɗakinta, amma wannan ko mutuwa ake ba za ta taɓa shi ba, ni ma ban yi gigin ambata ba. Jar dawar agaji ta ƙare, ba a san ranar zuwan wata ba. Na ce ta daka turmin haka nan, wa zai sani? Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce ba a dakan turmi wayam, mai yin haka yunwa yake kira ta zauna masa a gida, kuma wadda ke nan ta ishe mu. Ban da haka, ta ce, turmi wayam ƙara yake kamar ganga, ko jariri ya san bambanci.

A nan ne na ga ranar nuna gwaninta ta zo. Na ce ta bar mini aikin. Kwana uku ina gwaji a bayan gida da wani tsohon turmi da ya tsage. Na zuba yashi zalla, sautin ya mutu, kamar ana dukan katifa. Na zuba ƙaiƙayi da na tono a tsohon masussuki, ya yi laushi da yawa. Na gwada tsakuwa, taɓarya ta riƙa tsalle. A ƙarshe na haɗa yashi mai gwari-gwari da ƙaiƙayi, na yayyafa ruwa kaɗan, na ɗauka, na saurara, na ƙara yashi, na sake ɗauka. Da na ji ya zauna, sai na kai rediyon gindin itacen bedi inda dattawa ke zama bayan azahar, na kunna musu ban ce komai ba. Wani tsoho ya ɗago kai da sauri ya ce, "Kai, gidan wa anka samu hatsi?" Daɗi ya kashe ni. Ban tsaya na yi tunanin cewa duk waɗanda na gwada da su maza ne ba, mutanen da tun da aka haife su ba su taɓa ɗaga taɓarya ba.

Gwaggo ta leƙa turmin, ta taɓe baki, ta ce Allah ya yafe mana. Sannan ta ɗaura ɗamara ta fara. Ƙarfinta ya ragu, sai da muka tsaya sau huɗu ta huta, ni kuma ina dakatar da kaset daidai saukar taɓarya don kada a ji yankewar. Ta yi waƙar rumbu cike, ta yi ta maƙwabciya mai rowar gishiri, ta yi ta wanda ya yi arewa, tana cewa ya zauna ya ga ƙarshen aikinsa, gida lafiya lau. Ina zaune ina kallon wuyanta da ya zama jijiya zalla tana waƙar ƙoshi, sai da na juya baya na share ido. Amma da na saurari kaset ɗin daga baya, alfahari ya kori tausayi. Ban taɓa yin ɗauka mai tsabta irin wannan ba. Babu hayaniya, babu katsewa, murya da taɓarya kawai. Na ƙara tawa gaisuwar a ƙarshe, na zage shi yadda muka saba, na ce masa mun yi ƙiba har ba ma shiga ƙofa.

Direba ya tafi da shi. Muka shiga bazara, zafi ya sauko, rijiyarmu ta ja baya har sai an ƙulla igiya biyu. Hankalina a kwance yake ta wajen taubashina. Gwaggo ma takan ce, in an yi maganar masu tafiya, ai na can sun huta.

Wata ranar kasuwa, rana ta take tsaka, ina ƙofar gida sai na hango amalanken jaki ya nufo shiyyarmu da buhuna biyu a kai. Mutumin da ke zaune a kan buhunan ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsattsage, rawaninsa ya koma launin ƙasa. Sai da ya buɗe baki na gane shi.

"Mushe, ina ƙibar?"

Na riƙe shi na sauko da shi, na ji ba ya taka ƙafar hagu sosai. Daga baya ya gaya mini motarsu ta lalace a hamada, sun yi kwanaki a gindinta suna auna ruwa da murfin buta, sannan suka taka zuwa wata rijiya, takalminsa ya tsinke, yashi ya dafa masa tafin ƙafa. A lokacin dai ban tambayi wannan ba. Na zaunar da shi a zaure, na ba shi ruwa, na tambaye shi abin da ke cina.

"Wa ya hwaɗa maka? Direba ne?"

"Direba ya rantse mini kowa lahiya. Kai ka hwaɗa mini."

"Ni? Ni da na kwana uku ina..." Sai na kama bakina.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kana mi? Ƙarasa mana. Mi kunka zuba a turmin nan?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai.

"Na san ba hatsi ba ne. Surhe, in an fara shi, ƙara gare shi, hatsi na tsalle. In dusa ta hita sai ya yi taushi, taɓarya ta riƙa nutsewa. Naku tun daga farko har ƙarshe murya ɗaya, kamar mai karatun allo. Wannan ma na ce ko rediyon ce ta tsufa. Amma mushe, ina kaji?"

"Waɗanne kaji?"

"Tun da nake, tsohuwa ba ta taɓa kai baiti uku ba ta tsaya ta zagi kaza ba. Da an sa hatsi a turmi suke zuwa. Na ji kaset ɗinka gaba da baya, har sau ukku, ko kaza ɗaya ba ta yi tari ba. Na ce ko an saida su, ko suna nan abin da ke turmin bai ishe su tasowa ba. Ko wanne ne, gida ba lahiya."

Suna nan. Kaji biyu suka rage mata, kuma ranar da muke ɗauka suna kwance a inuwar rumbu, sun ɗago kai sun dubi turmin, suka mayar. Na gan su da idona. Har na ji daɗi a raina cewa yau ba su dame ni ba. Na yaudari dattawan gari kaf, kaji biyu masu jin yunwa sun ƙi yarda, ni kuma da nake taƙama da kunne ban ji shirunsu ba. Kunya ta rufe ni, ga haushin kaina, ga tsoron abin da zan gaya wa Gwaggo, wadda abu ɗaya tak ta roƙe ni.

Ba sai na gaya mata ba. Labari ya riga ya shiga cikin gida, mata sun fara guɗa. Muka shiga, yana dafe da kafaɗata, ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakinta ya gaida mutanen gida. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince anza a faifai. Ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya cak a cikin faifan, ya daɗe a haka.

Da ta yi magana, da ni ta yi.

"Ɗan lakwal."

"Na'am, Gwaggo."

"Kai ne gwanin na'ura."

"Gwaggo, kaji ne suka..."

"Rufe mini baki. Na sa tsufana na daki ƙasa kamar mahaukaciya, don wani ya zamna wuri ɗaya. Ga shi nan an zamna." Ta nuna ni da yatsa. "Tambayi mutanen can, wa ya aike su? Wa ya ce musu ana neman su? In da hamada ta riƙe su fa, da wane baki za a ba ni labari?"

Taubashina, kansa a ƙasa, ya ce mini in gaya wa mutanen gida cewa shinkafa ce da garin alkama a buhunan, kuma ya ji an ce akwai iri a tulu, to ga mai shuka shi ya zo. Na maimaita, ko da yake tsakaninsu bai fi taku biyar ba.

Ta ci gaba da tsintar anza, tana ɗauke mai kyau tana zubarwa tana barin marar kyau, ba ta ma san tana yi ba. Matan gida suka ja da baya, kowa ya kama wani aiki na ƙarya. Ni ina tsaye a tsakiya kamar turken akuya, ban san ko in tafi ko in tsaya ba. Tun shigowarmu ina lura da ita, kuma zan iya rantsuwa ko sau ɗaya ba ta dubi inda yake ba.

Can sai ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar kwalbar man shanu da ban san tana da ita ba a wannan shekara, ɗan kaɗan ne ya rage a gindinta. Ta miƙo mini, fuskarta na kallon danga.

"Ungo. Ƙahwar hagun ce. Ka wanke ta da ruwan ɗumi tukuna, kuma ka yi a hankali, tun shina yaro ba shi da jimirin ciwo."